Koken 'Yan Dako da Ƙananan 'Yan Kasuwar Agege kan Rabon Rumfuna, Tallafi da Kujerun Shawara

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege da 'yan majalisarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne talakawanka masu neman abinci a ƙasan kasuwa: 'yan dako, masu tura baro, masu shayi, mata masu tuwo da awara, da samarin da suka jingine babur tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na jihar Legas a watan Yunin 2022, har da Ikeja maƙwabciyarmu. Mun kawo kukanmu gida ne, don ɗa ba ya tsallake ubansa ya kai ƙara waje.

Ranka ya daɗe, kukanmu a kan rabo yake. Tun da asuba mai baro zai yanki tikiti. Kafin azahar wani ya zo karɓar na shara, wani na gadi, wani na ƙungiya. Ba mu ƙi biya ba, kasuwa ba ta zama sai da gyara. Amma ba a taɓa tara mu an karanta mana abin da ya shigo da abin da aka kashe ba. Kwatar da ke bayan rumfunan kayan gwari ta daɗe a toshe. In ruwa ya sauka, za ka ga ɗan dako da buhun albasa a ka, ruwa har gwiwa, yana laluben ƙasa da yatsun ƙafa don kada ya faɗa rami. Ranar da ya zame ya karye, mu ne dai za mu zagaya da kwano a haɗa kuɗin mai ɗori. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Maganar rumfuna ta fi zafi. Duk lokacin da aka rushe tsofaffi aka gina shaguna, sai a sa farashin da mai kasa tumatir ba zai iya taɓawa ba. Mutum ɗaya ya kama shaguna da sunan 'ya'yansa da surukansa, ya dawo yana ba mu haya. Wadda ta yi shekaru tana tuƙa tuwo a wurin sai ta koma bakin titi, alhali dokar Legas ta hana kasa kaya a titi. Gobe a kwashe mata tukunya, a ce ta karya doka. Ina aka bar mata ta zauna?

Haka abin ya kasance da tallafin abinci bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Sunaye a ɗaki aka rubuta su. Gwauraye da masu marayu labari kawai suka ji.

Ba mu ɗora wa Yarbawa masu masaukinmu wannan laifi ba. Yawancin masu yi mana haka da su muke sahu ɗaya a masallaci, shi ya sa muka ga kai ne za ka iya tsawatarwa.

Mun san haƙƙinmu a garin nan. Kakanninmu fataucin goro ya zaunar da su Agege, kuma zangon nan ya bunƙasa bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Da yawanmu nan aka yanke mana cibiya, muna jin Yarbanci kamar Hausa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asalinsa, sashe na 14 kuma ya ce a tsara gwamnatin ƙaramar hukuma yadda kowane jinsin mutanen yankin zai ji da shi ake yi. Ga shi a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. To amma da wane baki za mu nemi adalci a sakatariya, in a cikin zango ƙaramin cikinmu ba ya samunsa? Kuma in kaso ya zo ta hannun mutanen da suka saba rabo a ɗaki, mun san inda zai tsaya.

Saboda haka muna roƙon Sarki ya sa a riƙa karanta lissafin kuɗin tikiti a bainar jama'a, ko da sau ɗaya a wata uku, a kuma manna shi a ƙofar ofishin kasuwa. In za a raba sababbin shaguna, a fara da waɗanda aka tayar daga wurin, a bar su su biya kaɗan-kaɗan, kada mutum ɗaya ya haɗiye layi guda. Babban roƙonmu shi ne kujera. A ba 'yan dako tasu a kwamitin kasuwa, a ba mata tasu, kuma mu za mu zaɓi masu zama a kai, ba naɗa mana za a yi ba. Duk tallafin da ya zo, a kira sunaye a fili a gaban liman da masu unguwanni.

Muna roƙon a sa mana rana mu zo fada da wakilanmu, tikitocin da muka adana suna hannunmu.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga talakawanka,
'Yan dako, masu baro, mata masu abinci da ƙananan 'yan kasuwa, Agege, Legas.