Wasiƙa ga 'yata malama, kan allunan yumɓu

Assalamu alaikum.

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ji za ki koya wa 'yan ajinki yadda rubutu ya faro a duniya. Don Allah kada ki tsaya kina karanto musu suna kwafa a littafi. Ki je wurin masu ginin tukwane ki samo yumɓu, ki fere karan dawa bakinsa ya yi kusurwa, ki ba kowane yaro dunƙule daidai tafin hannunsa.

Mutanen Sumer da yumɓu suka fara, a birnin Uruk da ke kudancin Iraƙin yau, wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kuma lissafi suka fara rubutawa: sha'ir nawa ya shiga rumbu, tumaki nawa, abincin ma'aikata nawa aka raba. Da farko siffar abin suke zanawa, daga baya suka koma danna bakin kara a ɗanyen yumɓu. To ki sa yaranki su faro daga nan. Kowa ya rubuta awakin gidansu da kaji da alamar da ya ƙirƙiro, ya miƙa wa na kusa da shi. In wancan ya kasa karantawa, sun gano da kansu dalilin da ya sa sai jama'a sun yarda da alama ɗaya kafin rubutu ya yi amfani.

Ki ba su labarin ɗalibai 'yan uwansu. A Nippur, wani tsohon birni na ƙasar Sumer, an tono allunan makaranta na wajen 1740 kafin haihuwar Annabi Isa, malam ya rubuta a hagu, yaro ya kwafa a dama, ya shafe ya sake, kamar yadda kika riƙa wanke allonki a makarantar allo. Wannan yana taɓa ni ƙwarai.

Da aka ƙone birnin Nineba a 612 kafin haihuwar Annabi Isa, wutar ta gasa allunan ɗakin karatun Ashurbanipal, sarkin Assuriya, suka yi ƙarfi suka daɗe. Sama da 30,000 na ajiye a Landan yanzu, har da gutsattsari. Ki shanya allunan yaran su bushe sarai, ki kai wa mai tukwane allo ɗaya ta gasa tare da kayanta. Sannan ki tsoma gasasshen da busasshe a ruwa a gabansu, su gani da idonsu.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.