Ba kowane ganyen tuffa da ya zube ne ke neman feshi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin 'yan'uwana mazauna Zongo da suka fara dasa tuffa a bayan gida. Tun 2020, da labarin wata bishiya a garin Wiamoase da aka ce tuffa ce ya karaɗe Ghana, wadda daga baya masanan CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, suka ce ɓaure ce, sha'awar abin ta kama mutanenmu. Ga tsadar tuffar da ake kawo mana kasuwar Kejetia ta Kumasi daga Afirka ta Kudu. Ni ma na dasa guda shida a ɗan filina na hanyar Ejisu, irin Anna, wadda aka samar a Isra'ila don ƙasashen da sanyinsu bai kai ya kawo ba.

A Janairun shekara ta biyu ganye ya fara zuba. Na kwashi kaɗan a leda na kai shagon magungunan gona. Mai shagon ko dubawa bai yi ba, ya ce cuta ce, ya miƙo min maganin feshi mai jan ƙarfe. Na fesa da tsakar rana, hunturu na kaɗawa. Kafin mako guda ragowar ganyen ya ƙone. Har yau abin yana ci mini rai.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin lambu a Jos shi ya warware mini. Ya tsuguna ya tona gindin da yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, wane ganye ne ya fara faɗuwa, na ƙasa ko na sama?" Na ce, "Na ƙasa, Baba." Ya ce to in daina zargin cuta.

Ga abin da na koya. Idan tsofaffin ganyen gindin reshe suka yi rawaya a tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin kuma suna nan kore, sannan zubar tana hawa sama har reshe ya zama tsirara sai ɗan tukku a kai, to ƙarancin magnisiyam ne, wani sinadari da bishiya ke sha daga ƙasa. Ruwan saman Kumasi yana wanke shi daga ƙasa, mu kuma muna ƙara tsananta abin da hannunmu, domin yawan sinadarin fotash na takin zamani yana hana saiwa ɗaukarsa. Gishirin Epsom mai ɗauke da magnisiyam, giram 20 a litar ruwa, a fesa da yamma sau biyu ko uku, mako bibbiyu tsakani, shi ya tsayar da zubar a nawa. Ganyen da ya riga ya lalace ba ya dawowa, sabo ake ceto.

Sai ruwa, kuma a nan ne muka fi yin kuskure. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasa tana bushewa ƙarau, bishiya ta yar da ganye don ta rage ƙishi. Ban-ruwa mai nutsewa sau biyu a mako ya fi yayyafin kullum, a kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen. A Yuni kuwa akasin haka ne: ruwa ya kwanta a rami, saiwa ta rasa iska, ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi, mutum ya ƙara ruwa. Shi ya sa yanzu kan tudu nake dashe. Ruwan wanki, ɗanyen kashin kaji da maganin ciyawar da iska ke kwasowa daga gonar maƙwabci, su ma duk suna zubar da ganye.

Wani zai ce ai a Batu ta Indunusiya manoma da hannu suke zage ganyen tuffa. Gaskiya ne, amma bayan girbi suke yi, don bishiya ta ɗauka sanyi ya wuce ta sake fure, har su girba sau biyu a shekara. In ganye ya zube 'ya'ya na rataye, ba mai ciyar da su, sai su tsumbure.

Ina kira ga malaman gona su riƙa leƙowa unguwannin Aboabo da Sawaba da Asawase, su yi mana bayani da Hausa, ko bayan sallar Juma'a ne. Cikin shidan nawa biyu sun mutu, huɗu suna nan da ganyensu, kuma duk mai son gani ƙofa a buɗe take.

Naku,
Wani mai lambu,
Aboabo, Kumasi