Wasiƙa daga Damagaram: ka ware wa teku yini guda

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Damagaram sai godiya. Sanyi ya fara shigowa, hazo ya rufe duwatsun Birni, kasuwa kuma tana motsi daidai gwargwado. Inna ta ce in gaishe ka, tana tambaya yaushe za ka leƙo gida.

Saƙonka ya iso, na ji za ka Bankok, babban birnin Tailan, sayen kaya, kuma ka ce da ka gama lodi sai filin jirgi. A nan ne ban yarda da kai ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka da tsawo. Ina roƙonka ka ware yini guda, ka sauka kudu, ka shiga teku cikin ƙaramin kwale-kwalen nan da ake kira kayak. Na san za ka ce yawon buɗe ido na masu kuɗi ne da marasa aiki. Ni da na je, na ga abin da ya kamata ɗan Damagaram ya gani da idonsa kafin ƙafa ta gaza.

Daga Bankok zuwa tsibirin Fuket tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama. Gabas da Fuket akwai mashigin teku da ake kira Fang Nga, a Tekun Andaman, wanda hukumar Tailan ta keɓe ta mai da shi gandun ƙasa tun 1981. Tsibirai ne wajen 40, amma kada ka ɗauka irin tsibirin yashi ne na Kogin Kwara. Duwatsu ne tsaye cak cikin ruwa, dogaye, gefensu a miƙe, kansu lulluɓe da itatuwa. In ka matso kusa za ka ga gindin kowanne ya zaizaye, ruwa ya ci shi ya shige ciki, har kwale-kwale ya iya fakewa a ƙarƙashinsa.

Ka san duwatsunmu na nan, masu tauri, waɗanda damina ke duka shekara da shekaru ba su ko gezau. Su ne ma silar ƙishinmu, don ƙasan garin dutse ne da ba ya riƙe ruwa, sai an jawo mana daga Gogo da Arunguza, kuma ƙarancin ruwan na cikin dalilan da suka sa Turawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. To dutsen can wani iri ne dabam. Dutsen farar ƙasa ne, ɗan'uwan wanda ake haƙa a Malbaza ana ƙonawa a yi siminti. Asalinsa ɓawon ƙananan halittun teku ne da murjani, suka taru suka danƙare a ƙasan ruwa sama da shekaru miliyan 250 da suka wuce. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan saboda iskar da yake haɗiya, shi kuwa wannan dutse tsami na narkar da shi. Sannu a hankali ruwan ya bi tsaga, ya huda, ya faɗaɗa, ya yi kogo. Wani kogon in ya yi girma sai rufinsa ya rufta, tsakiyar tsibirin ta zama fili buɗe, dutse ya kewaye shi ta ko'ina. Mutanen wurin suna kiran irin wannan fili hong, kuma shi ne dalilin tafiyar.

Babban jirgin ruwa ba ya shiga. Shi zai kawo ku bakin tsibirin ya tsaya, a sauke kwale-kwalen, galibi na roba da ake hura wa iska, mutum biyu da mai tuƙi. Filafilinsa baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Ƙofar kogon da muka shiga a tsibirin Panak ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Mai tuƙi ya ce mu kwanta rigingine, mu haɗe hannuwa a ƙirji. Na kwanta, fitila na haska rufin dutse da bai fi taƙi ɗaya daga hancina ba, duk ya cika da ɓawo masu kaifi da suka manne masa. Ina jin warin kashin jemagu, ina jin ruwa na ɗiga, shi kuma ya ajiye filafili yana tura mu da tafin hannu a jikin dutse. Na yi ta salati a zuci. Can sai haske ya ɓullo, muka fito. Kamar ka ratsa zaure mai duhu ka faɗa tsakar gida, sai dai wannan tsakar gidan ruwa ce kore shar, bangonta ya yi sama har sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga gajimare. Ga itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ga birai a kan rassa, ga wasu ƙananan kifaye na tsalle a kan taɓo. Wallahi hawaye suka zo mini. Ruwan da muke bi da jarka a Garin Malam, shi ne ya sassaƙa wannan duka, da izinin Mai Sama.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, wata ne ke jan ta, kuma tsakanin cika da janyewa kamar awa 6 ne. In ta cika sosai ƙofar kogon na nutsewa gaba ɗaya, in ta janye sosai sai taɓo, kwale-kwale ba ya wucewa. Ɗan lokaci ne a tsakani ake shiga a fito. Saboda haka in mai tuƙi ya ce a juya, ka juya, ko da ba ka gama ɗaukar hoto ba. Ranakun tsayuwar wata da na cikarsa ruwan ya fi hawa da sauka da ƙarfi. Kada ka karɓi kwale-kwale kai kaɗai, kuma kada ka cire rigar ceto ko da zafi ya dame ka. Ka faɗa musu tun a bakin ruwa cewa ba ka iya iyo ba. Mu da muke rasa yara a tabkunan gari kusan kowace damina, ba mu da dalilin yin wasa da ruwa. Lokacin da za ka ya yi daidai, don daga Nuwamba zuwa Afrilu ne ruwan ke kwanciya. Sauran watannin iska da ruwan sama sun fi yawa.

Batun salla da abinci kada ya dame ka. A cikin mashigin akwai ƙauyen Ko Panyi, na masunta Musulmi, gidajensu a kan turaku bisa ruwa, jingine da wani ƙaton dutse. Suna da masallaci mai ƙubba ruwan zinariya, har da filin ƙwallo da ke shawagi a kan ruwa. Ka tambaya tun kafin ka biya ko tafiyar za ta biya ta can. Ni a can na yi azahar, na ci kifi da shinkafa hankali kwance, wani dattijo ya riƙe hannuna da ya ji daga Afirka nake, ba mu jin harshen juna sai sallama.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai: leda da robar ruwa da na gani suna yawo a bakin wani kogo, ga masu jiragen gudu suna ta hayaniya da hayaƙi. Don Allah duk abin da ka shiga da shi ka fito da shi, kuma kada ka ba birai abinci, yana lalata su su koma ƙwace. Irin waɗannan tsibirai akwai su kuma a Halon ta ƙasar Biyetnam, wajen 1,600, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 1994, amma wannan sai wata tafiyar.

Ka sa wayarka cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ka ɗauki hula da tufafi masu saurin bushewa. In ka tsai da rana ka sanar da ni, in gaya maka ta inda ake hawa jirgin. Ka ɗauko mini hoton gindin dutsen nan da kyau, ina so in nuna wa yaran gidanmu, don sun ƙi yarda ruwa na cin dutse.

Ka gaishe da uwargida da yara, da duk ƴan Damagaram da ke wajenku. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sa albarka a fataucin.

Naka har kullum,
amininka na Birni.