Su Wa Kuka Tambaya Kafin Ku Ce Mun Gamsu?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na daren Lahadi tun daga farko har ƙarshe, kuma wallahi da takaici na kwana. Farfesan da kuka gayyato ya ce galibin masu karatun digiri na uku sun gamsu da yadda ake tafiyar da su, mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce, ko tari bai yi ba. Su wa aka tambaya? Waɗanda suka riga suka sa rigar yaye ɗalibai suka ɗauki hoto? Ai mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ni malamin sakandare ne, digiri na uku nake yi a fannin tarihi. Shekara uku aka ce mana ranar da muka yi rajista, yanzu ina cikin ta bakwai. Cire wata takwas na yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wannan ya shafi kowa. Sauran fa? Babi na huɗu na kai wa mai duba aikina mako guda kafin azumi, cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Bayan babbar salla na koma, na tarar da ambulan ɗin a bisa kabad, ko buɗe shi ba a yi ba, ga shatar kofin shayi a kan sunana. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Malam, a ƙara haƙuri." Na ce to, ranka ya daɗe. Me zan ce? Shi zai sa hannu kafin in kare kundin, ƙarar wa zan kai, kuma wurin wa? Amma kuɗin rajista ba ya jira, kowace shekara sai na biya daga albashin da ko ƙarshen wata ba ya kaiwa.

Farfesa ya yi ta nanata cewa 'yan kimiyya sun fi mu jin daɗi. Ya kamata ya zo ya ga abokina da ke fannin sinadarai. Da aljihunsa yake sayen kayan gwaji, aka ɗauke wuta kwana uku a zafin Afrilu, duk samfurin da ya tara a firji ya lalace, aikin wata biyar. Ni kuwa kuɗin mota ne ya cinye ni, daga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a nan gida zuwa Gidan Arewa da ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, da aka ambata kuma na malaman manyan makarantun gwamnati ne, mu na sakandare sai dai mu ji a rediyo.

Duk wannan da sauƙi in mai duba aikinka yana karantawa. Wata 'yar ajinmu, sashe ɗaya, shekara ɗaya muka shiga, tuni ake ce mata dokta. Ba ta fi mu ƙwazo ba, ita ma ta faɗa. Malaminta ne mai tsoron Allah, mako biyu ya dawo mata da babi, jan biro ko'ina. To ina batun fanni ko sunan jami'a a nan? Ku gayyato ɗalibi ɗaya da ke shekara ta shida, ku sakaya sunansa, ku ji.

Sannan don Allah, tallar maganin basir ɗin nan da kuke sakawa har sau uku a tsakiyar hira ta ishe mu. Mutum na tsakiyar magana sai a yanke shi. Layin wayar ma na kira ya fi a ƙirga, katina ya ƙare ban shiga ba.

Naku,
Wani ɗalibi daga Mabera, Sakkwato