A koya wa masu zuwa Ƙudus yadda ake amsa tambaya a filin jirgin Ben Gurion

Malam Edita,

Assalamu alaikum, barka da aiki. Duk lokacin da masu ziyarar ibada za su tashi zuwa Birnin Ƙudus ina jin rahotanninku, da jawaban ban kwana da manya ke yi musu: su zama jakadu nagari, su yi wa ƙasa addu'a, kada kowa ya sulale ya ɓuya a can. Ba laifi. Abin da ban taɓa jin an zaunar da su an yi musu bayaninsa ba shi ne filin jirgin da za su sauka su kuma tashi, wato Ben Gurion, wanda ke kusa da garin Lod, tsakanin Tel Aviv da Ƙudus. Ga shi kuwa mutanenmu na bi ta nan: Kiristoci daga Kaduna da Filato da Adamawa da hukumar ziyarar ibada ta Kiristoci ke kaiwa, da ɗaiɗaikun Musulmi masu burin yin salla a Masallacin Al-Aƙsa, da ma'aikatan da ake turawa kwas ɗin noman rani.

Na san akwai masu cewa, da abin da ake yi wa mutanen Gaza, ina ruwanmu da filin jirgin Isra'ila. Ina jin zafin da suke ji, kuma ban rubuto don in wanke kowa ba. Amma tsohuwar da ta shekara goma tana tara kuɗin zuwa Baitalami za ta tafi, ko mun so ko mun ƙi, kuma gara ta san abin da ke gabanta.

A yawancin filayen jiragen duniya kaya ake bincika. A Ben Gurion mutum ake bincika, kuma da baki. Tun daga ƙofar shiga harabar akwai shinge da masu bindiga, za su leƙa motar su tambayi direba daga ina. A cikin zauren, kafin ka kai wurin auna kaya, wani saurayi ko wata budurwa za su karɓi fasfonka su fara: me ya kawo ka, ina ka sauka, wa ka sani a ƙasar nan, wa ya biya maka kuɗin jirgi, wa ya shirya maka akwati, ina akwatin ya kwana, me ka je yi a ƙasar da hatiminta ke shafi kaza. Wani lokaci a tafi da fasfon, wani jami'in ya dawo ya maimaita tambayoyin daga farko, har a ware abokin tafiyarka a tambaye shi daban. Abin da suke dubawa shi ne ko maganar za ta canja. Shi ya sa ake cewa a iso awa 3 kafin tashi, kuma mutane da yawa sun fi shan wuya a fita fiye da shiga.

To a nan ne tarbiyyarmu ke zame mana cikas, kuma wannan ne dalilin wasiƙar. An raine mu a kan cewa ba a bayyana tafiya. A tambaye ka ina za ka, ka ce nan kusa. An raine mu a kan sunkuyar da kai gaban mai iko. Mace mai kunya ba ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ta yi murmushi ta ce "mai gidan". Dattijo kuwa, yarinyar da ba ta kai jikarsa ba ta tsare shi da ido tana tambayar wa ya biya masa jirgi, sai ransa ya ɓaci ya ce Allah ne ya biya. Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ake nema ba. A gida duk wannan ladabi ne da kamun kai, a gaban jami'in da aka horar ya lura da kame-kame kuwa alamar ɓoye wani abu ne. Na ga wata baiwar Allah da aka ware gefe aka zazzage jakarta kaf, ba don komai ba sai don an tambaye ta sunan otal ta ce a tambayi fasto. Ƙara da matsalar takardunmu: sunan da ke fasfo dabam da na takardar gayyata, Muhammad a nan Mohammed a can, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu kamar ta rabin jirgin. Ya kamata kowa ya haddace abin da ke rubuce a fasfonsa, ya riƙe sunan masaukinsa da na jagoran tawaga a takarda cikin aljihu.

Sai maganar saƙo. Babu mai tashi daga garinmu a ce ba a ɗora masa ƙullin kilishi ko yaji ko daddawa ya kai wa wani ba, kuma ƙin karɓa rashin mutunci ne. Tambayar "ko wani ya ba ka wani abu ka kai masa" tana da asali. A watan Afrilun 1986, a filin Heathrow na Landan, masu binciken El Al, kamfanin jirgin saman Isra'ila, sun gano bam a ƙasan jakar wata 'yar ƙasar Ireland mai juna biyu. Saurayinta, Nezar Hindawi, shi ya ba ta jakar, ya ce ta yi gaba zai biyo ta a ɗaura aure. Ba ta san abin da take ɗauke da shi ba. Kotun Ingila ta yanke masa shekara 45. Saboda haka jami'in da ke tambayarka ba lallai yana zarginka da mugun nufi ba, yana tsoron a yi amfani da kirkinka ne. Mu ma ai mun ga irinta: ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 kan ƙwayar tramadol da wasu suka maƙala wa sunanta a wata jaka tun daga Kano, sai a Afrilun 2019 aka sako ta. Shawarata ita ce kada a karɓi abin da ba a buɗe an gani ba. In kuma an riga an karɓa, a ce an karɓa. Za su buɗe su duba, su mayar maka. Wanda ya ce babu sannan aka ga ƙulli mai sunan wani a akwatinsa, shi ne zai makara jirgi.

Ba zan ɓoye ba, binciken nan ba daidai ake yi wa kowa ba. Mai suna Abubakar ko Fatima ya shirya wa tambayoyin da mai suna Bitrus ba zai sha ba, har da sunan uba da na kaka. Larabawa 'yan ƙasar ta Isra'ila sun daɗe suna kuka da wannan, wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta can ta kai ƙara babbar kotu, aka yi shekaru ana jan maganar, kotun ta rufe ta a 2015 ba tare da ta haramta tsarin ba. Falasɗinawan Yammacin Kogin Jordan ma galibi ba a barinsu su yi amfani da filin, sai su tsallaka gada zuwa Amman su hau jirgi. A 2013 kuma babban lauyan gwamnatin Isra'ila ya tabbatar cewa jami'an tsaro na iya neman baƙo ya buɗe musu imel ɗinsa idan suna da shakku. Yana iya ƙi, amma ƙin na iya sa a hana shi shiga. Su hukumomin Isra'ila hujjarsu ita ce tarihi: a wannan filin ne, ranar 30 ga Mayun 1972, wasu 'yan bindiga uku 'yan Japan suka ciro makamai daga kayansu suka kashe mutum 26, akasarinsu Kiristoci masu ziyarar ibada daga Puerto Rico. A ganina hujjar ba ta halatta a wulaƙanta mutum saboda sunansa ba. Sai dai gaban teburin binciken ba wurin yin wannan muhawarar ba ne. Wanda ya ziyarci Baitalami ko Hebron ko Al-Aƙsa ya faɗa kai tsaye, domin ƙarya a kan inda aka je ta fi zuwan kansa jawo matsala.

Wajen shiga, tun 2013 sun daina buga hatimi a fasfo a wannan filin. Wani ɗan kati shuɗi mai hotonka suke bayarwa. Mutanenmu kan yar da shi kamar rasit, alhali shi ne shaidar cewa ka shigo bisa ƙa'ida, kuma ana neman sa a otal da shingayen hanya. A ajiye shi cikin fasfo har ranar fita. Mai tunanin zuwa Lebanon ko Iran daga baya kuma ya sani cewa rashin hatimin ba zai amfane shi ba idan an riga an liƙa masa bizar Isra'ila a fasfo tun daga ofishin jakadanci, domin ƙasashen nan ba sa karɓar mai alamar ya je can.

Akwai jirgin ƙasa daga filin zuwa Ƙudus, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, amma daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar ba ya aiki saboda ranar hutun Yahudawa, sai tasi mai tsada. Sai kuma batun yaƙi: a Mayun 2025 makami mai linzami da 'yan Houthi suka harbo daga Yaman ya faɗi a harabar filin, kamfanoni da dama suka dakatar da zirga-zirga, a watan Yuni kuma aka rufe sararin samaniyar ƙasar lokacin faɗa da Iran. Mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙe maganin da ya wuce kwanakin tafiyarsa, a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali.

Roƙona gare ku, Malam Edita, kafin tashin rukuni na gaba ku ware shiri guda, ku gayyato jagororin tawaga da suka saba bin hanyar, su yi wannan bayani da Hausa dalla-dalla, har su gwada tambayoyin a iska yadda tsofaffinmu za su ji su tun suna gida. Hukumomin jihohi da ke tara mutane a yi musu bita su ma su sa wannan a ciki, su kuma tabbatar kowace tawaga tana da mai fassara da zai tsaya kusa da wanda ba ya jin Turanci.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku daga Kaduna