Mutumin da ya yarda ya mutu ba abin dariya ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da shirinku na tarihi na ranar Lahadi, musamman inda baƙon naku ya ce wai mutanen rundunar sirrin nan ta Auxiliary Units, da Birtaniya ta kafa a Yaƙin Duniya na Biyu don tarar mamayar Jamus, ko harsashi ɗaya ba su harba ba, wasan ɓuya kawai suka yi a rami. Mai gabatarwa kuma ya taya shi dariya. Haba malam!

Manoma ne fa, da mafarauta, da masu gadin daji, da masu haƙar kwal, wajen mutum 3,500. An zaɓo su a 1940, bayan Jamus ta ci Faransa, sojan Birtaniya sun baro Dunkirk, wani gari a gaɓar tekun Faransa, sun bar manyan makamansu a can. Kanar Colin Gubbins ne ya haɗa su, ana horar da su a gidan Coleshill da ke Ingila. Aka haƙa musu maɓoya a ƙarƙashin ƙasa cikin dazuzzuka, mutum huɗu zuwa takwas a kowace, da nakiyoyi da wuƙaƙe. Idan sojan Hitila sun shigo, su lafe har a wuce su, sannan su fito da dare su fasa layin dogo, su ƙona rumbunan mai. Guzurin da aka ajiye musu na kamar mako biyu ne kacal, don ba a sa ran za su wuce haka da rai. Sun sani, kuma suka amsa. Don Hitila ya fasa zuwa, sai ya zama laifinsu?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun. An rantsar da su kan sirri, da yawansu ko matansu ba su sani ba. Aka sallame su a 1944 ba tare da wani biki ba, sai a 2013 aka bari waɗanda suka rage suka yi maci a bikin tunawa da mazan jiya a Landan. Ni na san irin wannan shirun. Kakana na wajen uwa ya je yaƙin Bama, ya dawo ya koma gonarsa. Na taso ina kai masa fura, ina ganin yadda yake zabura cikin barci, amma har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya ba mu labari ba. Wasu samarin unguwa har cewa suke ai dako kawai ya yi wa Turawa. Da na ji dariyar baƙonku, muryarsu na ji. Ku dawo da shi ya janye maganar.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiyar nan da kuke yanka shirin da shi. Ana tsakiyar bayani sai a katse, in an dawo kuma ga kiran sallar Magariba.

Naku mai sauraro,
daga Gusau