Motar da ke suma in ta ƙoshi

Kano,
daren Lahadi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya iyali, ya aiki, ya kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, ta ce tun da ka koma Kudu ka zama baƙon sallah.

Saƙon muryarka sau biyu na saurara, na biyun don in yi dariya son raina. Wato mota ta yi wata uku tana lallaɓawa da lita biyar-biyar ba ta ce uffan ba, ran da albashi ya shigo ka cika mata ciki sai ta sume a bakin famfon gidan mai. Ai halin maigidanta ta ɗauko, Bazazzagi in ya ƙoshi sai neman tabarma. To amma ka dakata da sayen sabon famfon man da bakanikenka ya ce. Na riga ka bin wannan hanya, na kuma san inda ta kai aljihuna, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, don maganar ta fi ƙarfin katin waya.

Ka san tsohuwar tawa, 'yar Kwatano ƙirar 2001, wadda muka je ɗaurin aure Gusau da ita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, allurar manta ba ta ƙara wuce kwata ba. Sai da babbar sallah ta zo, za mu Daura wajen surukai da yara, na ce yau dai a cika. Famfo ya tsaya da kansa, na ce wa yaron ya ƙara, har fitowa na yi na jijjiga motar irin na direbobin tasha, wai don ta ƙara ɗauka. Na shiga na murza makulli, kik yana ta juyi, inji ya ƙi kamawa. Da ƙyar ta tashi tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ina sa giya ta mutu. Ga layi a bayana, ga hon ta ko'ina, ga uwargida tana kallon taga kamar ba ta san ni ba. 'Yan adaidaita ne suka tausaya suka tura mu gefe. Bayan 'yan mintoci ta tashi, ta tofar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, daga nan har Daura ko tari ba ta sake yi ba.

Da muka dawo na kai ta gareji. Ogan wurin ko tambaya ɗaya bai yi mini ba, ya ce famfon man motar ne ya gaji. Aka aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo, aka haɗa da fulogi huɗu, aka wanke nozul, kuɗin da ya isa buhun shinkafa ya tafi. Na koma shan lita goma-goma, mota lafiya lau, ina ta sa masa albarka. Wata huɗu bayan nan tafiya ta sake kamawa, na cika tanki, ta maimaita mini abin nan daidai wa daida. Ashe ciwon yana nan kwance, ni ne na daina fama shi.

Wanda ya gano shi wani dattijo ne mai aikin wayarin, a wata rumfa da ba za ka kalla sau biyu ba. Kafin ya buɗe bonet sai da ya tsare ni da tambaya. In ka sha kaɗan tana yi? A bakin famfo take mutuwa, ko sai kun yi nisa? In ta tashi, da kanta take warwarewa ko ci gaba take da gardama? Da na amsa, ya ce, “Alhaji, motarka ba yunwar mai take ji ba, ƙwarewa take yi.”

Ga yadda abin yake, gwargwadon abin da ya nuna mini da hannunsa. Tankin da ke kusa da ƙarewa ba fanko ba ne, cike yake da tururin fetur. In ka zuba lita hamsin, dole tururi mai yawan haka ya nemi mafita. Motocin da can iska suke sake shi, amma irin namu, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, an yi musu wani gwangwani mai gawayi a ciki, kanista, shi ke tsotse tururin ya riƙe. Daga gwangwanin akwai siririn tiyo da ya tafi wajen shaƙar iskar inji, a tsakani kuma an sa ɗan bawul mai aiki da wuta, masu kayan gyara faj bawul suke ce masa. A ƙa'ida rufe yake ruf in mota tana kashe. Sai inji ya yi zafi ana tafiya, kwamfutar mota ke buɗe shi kaɗan-kaɗan, a ƙone tururin tare da mai. To in tsufa ko ɓarɓashin gawayi ya sa ya maƙale a buɗe, duk tururin da sabon mai ya koro sai ya zarce cikin inji ya taru. Inji kuwa awo yake so, iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya a nauyi. Kana murza makulli nozul ya ƙara feso nasa a kan wanda ya taru, mai ya rinjayi iska, fulogi ya kasa kunna shi. Shi ne suman. Da ta samu ta ƙone rarar sai ta miƙe kamar ba ita ba, shi ya sa kullum kafin ka isa gareji ta warke, ka zama kamar maƙaryaci.

Gwajin bai kai minti biyar ba, kuma ba ya cin ko kwabo. Ya tada motar ya bar ta a silo, ya zare soket ɗin wutar bawul ɗin, ya cire tiyon da ya taho daga gwangwani, ya ce in ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. Sai na ji yana zuƙar fatata. Ya ce ka ji ɓarawon, abin da ba wuta a jikinsa bai kamata ya ja komai ba. Muka sayo na gwanjo mai kyau, ya gwada shi da batir a gabana, yana ƙas-ƙas yana buɗewa yana rufewa, aka ɗaura. Daga ranar na cika tanki ya fi a ƙirga... to, ƙarya haramun, sau uku ne, amma ba ta sake ba.

Ya kuma yi mini faɗa a kan jijjigar nan, kuma da gaskiyarsa. Famfo in ya tsaya, tanki ya kai inda aka ƙaddara masa, ragowar sararin na tururi ne da kumburin mai in rana ta yi zafi. Abin da ka ɗura bayan haka yana iya gangarawa ta tiyo ya jiƙa gawayin da aka yi don tururi kawai. Gawayi ya jiƙe, ya farfashe, ɓarɓashinsa ya tafi ya tokare bawul. Wato da hannuna na ƙarasa shi, don kwaɗayin rabin lita. Wani bakaniken zai ce maka a toshe tiyon da kusa a huta. Suman zai daina, gaskiya ne, kuma ba laifi a yi haka kwana biyu don a tabbatar da inda ciwon yake. Amma kada ka yarda a bar shi haka, gwangwanin zai cika ya riƙa tsami, motarka ta koma warin jarkar 'yan bumburutu.

Sai dai ban ce lallai naka irin nawa ne ba, musamman da yake kana garin ruwa. In motar tana tashi lafiya a gidan mai, sai an yi kilomita ɗaya ko biyu ta fara fizga tana shaƙewa, kuma ba ta warwarewa da kanta, to man za ka tuhuma. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Rijiyar gidan mai in ta tsufa, ruwan sama yana samun hanya, kuma lokacin da tanka ke sauke kaya duk laka da tsatsar da ke ƙasa tashi suke yi. Ni yanzu in na ga tanka tana juye mai, wucewa nake ko da allura ta kwanta. Ka sa a zaro maka ɗan mai daga layin filta a zuba a kwalba mai haske, a ajiye minti goma. In da ruwa za ka gan shi ya ware a ƙasa da layinsa sarai. Maganin wannan a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar filta. Ba ka manta da gurɓataccen man Fabrairun 2022 ba, mai metanol fiye da kima, wanda ya kwantar da motoci a Legas da Abuja. Mai shi kansa yana iya zama cutar.

Akwai kuma ta marfi. In sai an yi doguwar tafiya take ƙarancin ƙarfi ta mutu, kana kwance marfin tanki ka ji ya ja iska fuuu, ta kuma tashi nan take, to hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Ƙura tana yin haka, zanzaro ma yana gini a bakin tiyon in mota ta daɗe a ajiye.

Famfon da ake so ka saya, ka fara saurarensa tukuna. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kawowa, kada ka tada, ka kasa kunne wajen kujerar baya. A yawancin motoci, lafiyayye zai yi ɗan zuuu na daƙiƙa biyu ya tsaya. Famfon da ya gaji ma ya fi nuna halinsa in mai ya yi ƙasa ko a hawan tudu, ba lokacin da tanki ke maƙil ba. A nan kuma ka duba ko fitilar inji mai ruwan ɗorawa tana kawowa tare da sauran. In ba ta kawo ba, to wataƙila an kashe ta tun kafin motar ta zo hannunka, kuma ta yiwu ta daɗe tana ƙorafi ba mai ji. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16, a sa mata kwamfuta. In ta fito da P0441, wajen bawul ɗin nan take nunawa, P0172 kuma cewa take mai ya yi yawa.

Kafin ka samu zuwa gareji, in ta sake yi maka a gidan mai, kada ka yi ta famfa totur. Ka take shi har ƙasa ka riƙe, sannan ka murza makulli. Yawancin motoci masu nozul suna tsayar da fesa mai in an yi haka, iska ta wanke ciki. Tana kamawa ka ɗaga ƙafa. Kada kuma ka wuce daƙiƙa goma kana murzawa, ka ba kik hutu. Don Allah kada ka bar yaran gareji su zuƙi tiyo da baki, kuma mai sigari ya yi nisa.

Ka rubuto mini amsar tambayoyin dattijon nan, in ya so in koma wajensa da su. In bawul ɗin ne kuma ya yi tsada a can, turo hoton naka da lambar da ke jikinsa, in sa a duba Ƙofar Ruwa, in haɗo maka da yajin da Hajiya ta daka da kilishi a motar ranar Alhamis.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara, ka shafa mini kan auta.

Wassalam,
naka na Kano.